Ruwa da Ƙura a Cikin Man Gas: Nazarin Hanyoyin Gurɓacewar Mai a Tankunan Jiragen Ruwa da Wuraren Ajiya a Yankin Bakolori

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda man gas, wato dizal, ke gurɓacewa tsakanin gidan mai da bakin nozul a ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda tafkin Bakolori da gonakin ban-ruwansa suka tara jiragen ruwa da injunan jawo ruwa da motocin noma da injunan casar shinkafa. An dogara da ma'aunan ingancin mai na duniya, da yanayin yankin, da lissafin danshin iska da na kwanciyar ƙura a cikin mai. Lissafin ya nuna cewa gumin da tanki ke yi bai wuce giram 10 zuwa 20 na ruwa ba a damina guda cikin durom mai rabin mai, alhali ruwan sama na milimita 10 yana tara lita biyu da rabi a kan durom ɗin da aka tsayar a fili. Ya kuma nuna cewa idan jirgi ya karkata da digiri 10, rubu'in lita na ruwa ya isa ya kai bakin bututun da injin ke shan mai, inda a zaune sai an tara lita uku. Matsayar maƙalar ita ce mafi yawan ruwan da ke kashe injin a hannun mai ajiya yake shiga, kuma a can ne maganinsa ya fi araha.

1. Gabatarwa

An kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, tafkinta ya cika a 1981. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina ta, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce kuma ke riƙe da ita. Bangon ƙasa mai tsawon kilomita 5.5, da tsakiyar kankare mai tsayin mita 48, su ne suka tare ruwan da ya kai kubik mita miliyan 450, wanda ya malale hekta 8,000, ya miƙe kilomita 19 ta sama. An tsara zai shayar da hekta 23,000. Masanan da suka yi rubutu a kan Bakolori sun fi tsayawa a kan ƙasa da diyya da jinin da aka zubar a watan Afrilu na 1980, kamar yadda Björn Beckman ya yi, ko a kan fadamun ƙasa da madatsar da suka rasa ambaliyarsu, kamar yadda William Adams ya yi. Waɗannan su ne manyan batutuwa, babu ja. Amma akwai wani ƙaramin al'amari da ke cin aljihun manomi da masunci kullum, shi ne lafiyar man da ake zuba wa injin.

Mafi girman ɓangaren gonakin an tsara shi ne a kan ban-ruwan yayyafi, wanda sai da manyan injuna yake aiki. Da wannan tsari ya durƙushe, nauyin jawo ruwa ya koma kan manoma da injunansu. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya zo ya gyara magudanai, amma bai raba yankin da injin ba: motar noma, injin casa, janareto, injin jawo ruwa, duk mai suke sha. A kan tafkin, yawancin kwale-kwalen masunta da filafili ake tuƙa su, injunan da ake rataya wa a baya kuma na fetur ne. Man gas yana shiga ruwa ne ta jirgi mai injin ciki, da kuma injunan jawo ruwa da ake kafawa a gaɓa ko a kan abin da ke yawo a ruwa. An ɗauki tankin jirgi a matsayin abin nazari ne domin a nan kowace illa ta fi tsananta. Abin da aka fahimta a kansa zai yi aiki a kan sauran, tun da sau da yawa durom ɗaya ne ke shayar da su duka.

2. Hanyar mai da dalilin daɗewarsa a ajiye

Akwai daffon mai a Gusau da aka gina domin karɓar mai ta bututu daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. Shekaru ke nan wannan hanya ba ta aiki yadda aka tsara, saboda haka tankoki ne ke kawo mai daga bakin teku, tafiyar da ta kusa kilomita 1,000 daga Legas. Fara sayar da man gas na matatar Dangote a 2024 ya canja inda man ke fitowa, bai rage nisan ba. Daga tanka sai tankin ƙasa na gidan mai, sai durom, sai jarka, sai galan, sai tankin injin. Kowace juyawa ƙofa ce ga ruwa da ƙura.

Abu biyu sun sa mutanen yankin riƙe mai fiye da da. Na farko farashi: a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, litar man gas ba ta kai naira 300 ba a farkon 2022, amma kafin shekarar ta ƙare ta haura 800. Wanda ya ga haka, in ya samu kuɗi sai ya saye ya ɓoye. Na biyu tsaro: a ƙarshen Agusta zuwa Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta Jihar Zamfara ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita sayarwa ga gidajen man Gusau da hedikwatocin ƙananan hukumomi, ta kuma ƙayyade abin da mutum ɗaya zai iya saya, duk domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai. Ko me mutum ya ce game da amfanin wannan mataki, injin jawo ruwa ba ya zuwa gidan mai da ƙafarsa. Mai injin da ya ɗanɗana irin wannan ƙunci ya koyi ajiya, kuma ajiyar ɓoye ba kasafai ake yin ta a wuri mai kyau ba.

Idan injin ya fara tari, maganar farko da za ka ji ita ce "an yi wa man algus," a ɗora wa 'yan bumburutu. Zargin yana da tushe. Nijeriya, ƙasar da aka shigo mata da fetur mai yawan sinadarin metanol a Fabrairun 2022, ba ta da dalilin yarda da kowane mai ido rufe. A Satumbar 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahoton gwajin man gas daga ƙasashen Afirka takwas, inda ta samu farar wuta da ta ninka iyakar Turai har sau 378. A lokacin dokar Nijeriya ta yarda da miligiram 3,000 a kilo, Turai kuwa 10. A 2020 ne ƙungiyar ECOWAS ta tsayar da 50 ga ƙasashenta. Sai dai farar wuta a hankali take cin injin, ta hanyar asid ɗin da take haifarwa bayan ƙonewa, ba ta kashe shi a tsakiyar ruwa. Haɗa man gas da kananzir kuma sana'a ce da ke biya lokacin da kananzir ya fi araha, alhali a ƙarshen 2022 litarsa ta fi ta man gas tsada. Algus yana nan, amma bai isa ya bayyana dukan abin da makanikai ke fitarwa daga filta ba.

3. Ma'auni da hanyar nazari

Ƙa'idar Turai ta EN 590 ta ƙayyade ruwa a miligiram 200 cikin kilo ɗaya na mai, datti a miligiram 24, ta kuma ce kada tururin man ya kama wuta sai zafinsa ya haura digiri 55. Ta Amurka, ASTM D975, ta haɗa ruwa da laka ta ce kada su wuce kashi 0.05 cikin ɗari. A gida, hukumar SON ce ke tsara ma'auni, NMDPRA da dokar man fetur ta 2021 ta kafa ita ce ke sa ido a kan daffo da gidajen mai, NIWA mai hedikwata a Lokoja kuma ke kula da sufurin ruwa. Ikon waɗannan hukumomi a aikace yana ƙarewa a bakin famfon gidan mai. Abin da ya biyo baya shi ne filin wannan nazari.

An ɗauki durom na lita 200 mai faɗin baki santimita 57 da tsayi kusan 88, da tankin jirgi na lita 40 mai gindi santimita 50 a 40. An ɗauki nauyin man gas kilo 0.84 a lita, na ruwa kilo 1. Duk alƙaluman da ke ƙasa lissafi ne daga waɗannan, kowa zai iya maimaita shi da alƙalami.

4. Ta ina ruwa ke shiga?

Littattafan kula da jiragen ruwa suna yawan gargaɗi a kan gumin tanki: da rana iskar da ke saman mai ta yi zafi ta buɗe ta fita, da dare ta yi sanyi ta tsuke ta jawo sabuwa mai danshi, danshin ya zama raɓa a jikin ƙarfe ya gangara ƙasa. Bayanin daidai ne. Tambayar ita ce nawa ne ruwan.

Kubik mita ɗaya na iska mai zafin digiri 30 ba ya ɗaukar ruwa fiye da giram 30. A ranar Agusta mai laima, a ce iskar ta ɗauki kashi 80 cikin ɗari na wannan, giram 24 ke nan, ko giram 0.024 a kowace lita. Iska tana buɗewa da kimanin kashi ɗaya cikin 300 a kowane digiri. Durom mai rabin mai yana da lita 100 na iska. Idan yana inuwa, zafinsa na hawa da sauka da digiri 10, zai shaƙi lita uku da 'yan kai a dare, wato giram 0.08 na ruwa. Idan yana rana, bambancin ya kai digiri 20, ya shaƙi ninki biyu. A kwana 120 na damina, daga Yuni zuwa Satumba, jimillar giram 10 ce zuwa 20, kuma sai an ɗauka cewa duk ruwan da ya shiga ya zauna, babu wanda ya sake fita da rana. Ɗibar mai ma tana jawo iska, amma lita 100 da aka ɗiba ba ta kawo fiye da giram biyu da rabi ba. Lita 100 na mai kilo 84 ne, iyakar EN 590 a kansa giram 17. Ashe gumi yana buƙatar damina sukutum kafin ya kai mai bakin iyaka. Da hunturu da bazara, lokacin da iskar Zamfara ke bushe ƙayau, abin bai kai a ambata ba.

Yanzu a dubi durom ɗin da aka tsayar a bayan ɗaki ko a gaɓar tafki. Samansa faranti ne mai baki, faɗinsa kusan rubu'in murabba'in mita. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita lita ɗaya ce, don haka ruwan milimita 10, wanda ba wani babban ruwa ba ne a Agusta, yana barin lita biyu da rabi kwance a kan durom, ya rufe murafunsa biyu. Ga kuma abin da ya fi muni: durom ɗin ya wuni yana shan rana, hadari ya taso da la'asar, ruwa mai sanyi ya sauka a kan ƙarfe mai zafi, iskar ciki ta tsuke nan take. Wannan numfashi na lita uku zuwa shida da muka lissafa a sama yana nan, sai dai yanzu bakin murfin a cikin ruwa yake. Idan zoben robar murfin ya tsage, ko ya ɓace an naɗa leda a madadinsa kamar yadda ake yawan yi, ruwa zai tsotsa. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ya kwanta ne ya shiga, giram 25 ke nan, ya fi gumin damina guda a yammaci ɗaya. Washegari rana ta busar da saman durom, ba a ga alamar komai ba sai ɗan zoben tsatsa kewaye da murfi.

Haka abin yake ga jarkar da aka ɗauraye ba a bari ta bushe ba, da mazurarin da ya kwana a waje, da tankin ƙasa na gidan mai da ruwan damina ke kwanciya a kan murfinsa. Duk waɗannan da cokali da kofi suke zuba ruwa, gumi kuwa da ɗigo. A ganina shawarar nan ta a riƙa cika tanki domin hana gumi, wadda mai jirgin shaƙatawa a Turai zai iya bi, an ba ta girman da ya wuce nata idan aka kawo ta ga manomin da ke sayen lita goma-goma. Zoben roba da rumfa sun fi ta amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma ɗan ruwan da ke narke a cikin man kansa. Mai zafi ya fi riƙe shi, da ya huce sai ya sake shi, man ya yi hazo. Man da aka saya da rana garau yana iya wayar gari da gajimare a ciki ba tare da kowa ya taɓa shi ba, kuma wannan ma ya sha jawo wa mai sayarwa zargin da bai ci ba.

5. Tankin jirgi

Ruwa ya fi mai nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya. Masu ƙera tanki sun san haka, shi ya sa suke ɗaga bakin bututun shan mai sama da gindi kaɗan. A ce santimita ɗaya da rabi ne. A tankinmu mai gindi 50 a 40, sai ruwa ya kai lita uku kafin ya taɓa bakin bututun, muddin tankin na zaune daidai. Janareto a ɗaki zai iya shekara da ruwa a gindinsa mai shi bai sani ba.

Jirgi ba ya zama daidai. Idan ya karkata da digiri 10 ta gefen da bututun yake, ruwan zai taru a kusurwa. Domin zurfinsa ya kai santimita ɗaya da rabi a can, tsawon da zai mamaye santimita takwas da rabi ne kawai, adadinsa kuma kimanin mililita 255. Rubu'in lita ke nan, kashi ɗaya cikin goma sha biyu na abin da ake buƙata a zaune. Karkatar digiri 10 kuwa ba ta buƙatar komai sai buhunan shinkafa da aka jibge gefe ɗaya, ko jirgi ya ɗaga kai lokacin da aka ba shi wuta. A ƙara da girgiza: igiyar ruwa tana kaɗa tanki, lakar da ta kwanta wata da watanni ta tashi gaba ɗaya ta nufi filta. Wannan ne ya sa injin jirgi ke mutuwa daidai lokacin da iskar hadari ta taso a farkon damina, lokacin da ake neman gaɓa ido rufe. A tafki mai tsawon kilomita 19 iska tana samun filin tara igiya. Hatsarin jirgin da ya ci rayukan manoma da dama a Gummi a Satumbar 2024, da na Warrah a Jihar Kebbi a Mayun 2021, lodi da lafiyar jirgi aka fi dangantawa da su, amma sun nuna mana irin jiragen da mutanenmu ke shiga: cike maƙil, yawanci babu rigar ruwa. Irin wannan jirgi in ya rasa injin ya juya wa igiya gefe, abin da ya rage kaɗan ne.

Ƙofofin ruwa a jirgi ma sun fi yawa. Murfin zuba mai yana inda feshin ruwa ke dukansa, bututun numfashin tanki sau da yawa gajere ne yana kallon sama, jarkar ajiya kuma tana kwance cikin ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi. Wani haɗarin na daban shi ne jarka ɗaya ga fetur da gas. Fetur kaɗan ya isa ya sauko da matakin kama wutar man gas ƙasa da zafin rana na Afrilu, wanda ke haura digiri 40 a nan, tururinsa kuma ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya kusa da injin.

6. Abin da ke girma a kan iyakar ruwa da mai

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makanike yana kwance filtar injin da ya daɗe a ajiye ya san abin: baƙin abu mai yauƙi, wani lokaci ruwan ƙasa-ƙasa, yana manne da takardar filta, in an murza shi a yatsa ba ya ƙaiƙayi kamar yashi, wani sa'in yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Akan ce dattin mai ne, ko a kira shi gansakuka. Gansakuka tana buƙatar haske, tanki kuwa duhu ne. Ƙananan halittu ne, bakteriya da fumfuna, da ke zaune a cikin ruwan gindi suna cin man da ke samansu. Fumfunar da ta fi suna ita ce Hormoconis resinae, wadda aka daɗe da sani a tankunan jiragen sama. Tare da ita akwai bakteriyar Pseudomonas, sannan a can ƙasa inda babu oksijin akwai irin su Desulfovibrio, masu fitar da iskar nan mai wari da ke huda ƙarfe. Ƙa'idar ASTM D6469 gaba ɗayanta a kan wannan matsala aka rubuta ta.

Waɗannan halittu ba sa buƙatar ruwa mai yawa. Giram 20 ɗin nan na gumi, da bai isa ya kashe injin ba, ya ishe su gida, kuma a nan ne gumi ke da muhimmancinsa na gaskiya. Zafin digiri 25 zuwa 35 shi ne suka fi so, wato zafin ɗakin ajiya a Talata Mafara kusan duk shekara. A 2016 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta duba tankunan ƙasa 42 na man gas, ta samu 35, kashi 83 cikin ɗari, da tsatsa matsakaiciya ko mai tsanani, kuma ƙasa da rubu'in masu tankunan ne suka san da ita. Hukumar ba ta tsayar da dalili guda ba, amma ta nuna hannun ƙananan halittu. Wannan a ƙasar da ake da na'urorin sa ido a kan tanki ke nan.

Ko babu halitta, zafi da oksijin suna tsufar da mai, ya yi duhu ya fara danƙo. Man da zai shekara lafiya a zafin digiri 20, a sama da 30 wata shida zuwa goma sha biyu ake ba shi. Jan ƙarfe da tagulla da zinki suna gaggauta wannan lalacewa, zinki kuma yana narkewa cikin mai ya je ya toshe ramukan nozul. Don haka tankin da aka ƙera da farin kwano mai rufin zinki, wanda maƙeri zai ga ya fi kyau domin ba ya tsatsa, shi ne mafi sharri ga man gas.

7. Ƙura da haƙurin jira

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu matsalar ta koma ƙura, wadda iskar hunturu ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, a haɗa da ta hanya da ta masussuka. Ido ba ya ganin abin da ya kasa maikuron 40, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan famfon nozul maikuron biyu ne zuwa biyar. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfe tauri. Man da ido ya ga garau yana iya ɗauke da abin da zai goge famfo har injin ya riƙa wuyar tashi yana baƙin hayaƙi. Tsofaffin injuna masu silinda ɗaya sun fi jurewa. Sababbin motocin noma da ke harba mai da matsin da ya kai bar 2,000 ba sa yafewa ko kaɗan.

Matan karkara sun san ba a shan ruwan gulbi da zarar an zuba shi a randa, sai ya kwanta. Dokar Stokes ta ba mu lokacin da mai ke buƙata. Ƙwayar ƙura mai maikuron 10 tana sauka kimanin santimita 12 a awa cikin man gas, za ta kai gindin durom cikin awa bakwai zuwa takwas. Mai maikuron biyar, santimita uku a awa, kusan awa 30. Ɗigon ruwa ya fi jinkiri domin nauyinsa bai fi na mai da yawa ba: mai maikuron 50 zai sauka cikin awa uku da 'yan kai, mai maikuron 10 kuwa sai ya haura kwana uku. Daga nan ne shawarar barin durom ya huta kwana biyu bayan an sauke shi daga mota ta samo ƙarfinta. Wanda ya mirgino durom ya zura tiyo har gindi ya tsotsa nan take ya zubar da wannan tacewa ta kyauta.

8. Ganowa da gyara

Gwajin farko kwalba ce fara mai tsabta. A ɗebo mai daga can gindi da siririn tiyo, a ɗaga kwalbar a haske, a juya ta. Ruwa zai bayyana a ƙasa da iyakarsa a fili, laka za ta taru a tsakiya, hazo kuma alamar ruwa ne da bai kwanta ba. Wannan shi ne ainihin abin da ƙa'idar ASTM D4176 ta tsara. Akwai man shafawa da ake sa wa a bakin sanda, ya canja launi in ya taɓa ruwa, gidajen mai sun san shi. Ma'aunin nauyi na gilashi zai nuna algus: man gas yana tsakanin 0.82 da 0.86, kananzir wajen 0.80.

Durom a kwantar da shi a kan katako ƙarƙashin rumfa, gefen famfo ya ɗan fi ɗagawa domin ruwa ya gangara baya. In dole ne ya tsaya a waje, a sa dutse a gefe ɗaya ya karkata yadda ruwa ba zai kai murfi ba. A tankin jirgi a nemi maƙeri ya yi ɗan rami a gindi da murfin tsiyayewa, a tsawaita bututun numfashi a lanƙwasa bakinsa ƙasa, a sa filta mai raba ruwa da kofin gilashi kafin filtar injin, a riƙa duba kofin kafin a bar gaɓa. Tsumman da ake shimfiɗawa a mazurari yana tare tsakuwa, yana kuma zuba zare. Maganin kashe ƙwayoyin mai yana aiki, amma in ba a fitar da ruwan ba za su dawo, gawarsu ma tana toshe filta, kuma guba ne ga kifi.

Wannan ya kawo mu ga abin da aka tsiyaye. Ruwan gindin tanki yana ɗauke da mai da asid da tsatsa. Zuba shi a tafki ko a magudana na nufin zuba shi a kan karfasa da tarwaɗar da ake kai wa kasuwar Talata, da shinkafar Bakura, da ruwan da dabbobi da mutanen bakin magudana ke sha. Kifi yana ɗaukar warin mai tun kafin man ya kai yawan da zai kashe shi, mai saye kuma hancinsa ba ya kuskure. A tara shi a jarka ta daban, a bar shi ya rabu, man sama ya tafi wankin ƙarafa a gareji.

Lissafin da ke cikin wannan maƙala yana da sauƙin gwadawa, kuma ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara za su iya yi da ƙaramin kuɗi. A samu durom shida daga mai guda, a cika kowanne rabi. Biyu a tsaye a fili da murfi mai lafiyayyen zobe, biyu a tsaye a fili da murfin da aka naɗa wa leda, biyu a kwance ƙarƙashin rumfa. A ajiye ma'aunin ruwan sama a gefe, a riƙa ɗibar samfurin gindi duk mako biyu daga Yuni zuwa Oktoba, a auna ruwan da hanyar Karl Fischer, a maimaita daga Disamba zuwa Maris domin ƙura. Sannan a bi mai guda daga famfon gidan mai zuwa jarkar ɗan bumburutu zuwa tankin jirgi a gaɓar Maradun, ana ɗibar samfuri a kowace juyawa, a ga a hannun wa ruwan ya fi ƙaruwa.